Taku Goma Sha Biyu

Ranar Laraba, a kasuwar kifi ta bakin kogi,
Canelo ya yashe haƙora.
Ba haushi ya yi ba. Haushi da sauƙi.
Gurnani ne daga can ƙasan ƙirji,
irin wanda ƙafa ke ji kafin kunne.
Nibaldo ya ja da baya cikin rigar ruwansa rawaya,
wuƙa a hannu, ɓawon kifi har gwiwa,
ya ce, "Wannan ne za a ba makaho?"

Wata goma sha shida ina koya masa Valdivia:
inda gefen titi ke karyewa,
inda ake tsayawa bas ta wuce,
yadda ake raɓa zakunan teku suna gyatsa kan dakali
ba tare da an ko kalle su ba.
Duk ya haddace.
Sai riga guda ta roba ta rushe mana gini.

Ximena ta ce a daka masa tsawa, a fizgi igiya,
ya san akwai na gaba da shi.
Na ce a'a.
Karen da aka doka don ya yi gurnani,
gurnanin kawai zai bari.
Gobe sai cizo ba sallama.

Likita ta leƙa kunne, ta matsa ƙugu, ta duba dasashi.
Lafiya lau.
Da ciwo ne da na ji daɗi, ciwo yana da ƙwaya.

Sai muka koma awo.
Na sa masa takunkumi, na cika aljihu da busasshiyar hanta,
na rataye rigar ruwa a jikin shinge.
Taku talatin, yana ci.
Taku ashirin, yana ci, kunne a kwance.
Taku goma sha biyu,
hanta a bakin hancinsa, bai ma san da ita ba.
Nan ƙasarsa ta ƙare.
Muka koma sha uku, muka tare a nan mako biyu,
ruwa na dukanmu yadda ya saba a garin nan.

Ga abin da ban so faɗa ba.
Wata safiya Ximena ta ɗauke mu a waya.
Sau huɗu na kalla.
Kafin gashin wuyansa ya miƙe
hannuna ne ya fara naɗe igiya,
numfashina ne ya fara tsayawa.
Tun Larabar nan ni ke hango rawaya kafin shi,
in tura masa labari ta igiya.
Ashe mu biyu ne a ajin.

Don Evaristo yana bugowa kowace Asabar.
Shekara uku sunansa na kan layi.
Gyaran fiyano yake yi,
yana so ya riƙa tsallake gada
ba sai jikarsa ta taso daga makaranta ba.
"Yaya abokin nawa?"
Har ya sayi kwano.
Ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur don in ji.

Me zan ce masa?
Jiya mun kai taku biyar, Nibaldo da kansa a cikin rigar,
ya ba mu baya yana fito.
Canelo ya dube shi, ya dube ni,
ya saki numfashi, ya karɓi hanta.
A wurina wannan gagarumar nasara ce.
Amma titi bai san awo ba,
kuma wanda zai kama mariƙin
ba zai ga rawaya na tahowa ba.

Wataƙila abin da zai cece su ke nan:
hannun da bai gani ba, ba zai naɗe igiya ba.
Wataƙila kuma a'a.
Ba a gwada zurfin kogi da ƙafar wani.

Takarda na kan tebur, gurbi biyu, alƙalami a gefe.
Canelo ya ɗora haɓa kan takalmina,
a jiƙe, yana ƙarni, yana barci.
Na roƙi Don Evaristo ya ƙara mini wata guda.
Ya yi shiru.
Can ya ce shi ma akwai fiyanon
da sai ya koma masa sau uku.